Babbar Riga a Kan Tekun da Ya Daskare

Talata: daga Beltsville zuwa Anchorage

Ƙarfe uku da minti arba'in na asubahin Talata, a makon ƙarshe na watan Maris, Isuhu ya tsaya da tasinsa a ƙofar gidana da ke Beltsville, jihar Maryland, ya danna hon. Sau ɗaya ya danna, amma ina da yaƙinin har a Baltimore sai da wani ya farka. Na fito da jakunkuna uku: ta tufafi, ta kyamara, da wata da maiɗakina Hajiya Bilki ta haɗa. Ta ce guzuri ne, kada in buɗe sai mun sauka.

Kafin in fita na leƙa ɗakin Baba. Yana zaune a kan sallaya da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Garba, tafiyar ce ta tashi?"

"Ta tashi, Baba."

"To. Teku nake so ka kawo min. Labari kam na san buhu goma za ka kawo, wannan ba na bukata. Allah Ya kiyaye hanya."

Ga yadda abin ya samo asali. Mahaifina, Malam Inuwa, ya shekara talatin da wani abu yana koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare na jihar Kano. Kowace shekara sai ya gaya wa ɗalibai cewa can ƙarshen arewacin duniya teku yakan daskare har mutum ya yi tafiya a kansa, ƙanƙarar kuma ta yi tudu ta kai tsayin soro. Hujjarsa ɗaya ce, wani ɗan hoto mai toka-toka a cikin littafi, wanda bai fi akwatin ashana ba. Yara suka sa masa suna Malam Teku. Wata biyar kafin wannan tafiya na kawo shi Amurka saboda hawan jinin ido. Idon dama ya riga ya tafi. Na hagu kuma likita ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa sai dai a rage masa saurin dushewa, dawowa kam babu. Saura kwana goma sha shida ya koma gida. Shi ne ya ce tun da ina yawo da kyamara ina damun mutane, in je in ɗauko masa tekun nan ya gani tun da sauran gani.

Ni sana'ata haɗa magunguna a kantin magani, hoto kuma sha'awa ce da ta kama ni da girma. Shekara shida ina zuwa wani taron masu ɗaukar hoton shimfiɗar ƙasa a Gaithersburg. Wata tsohuwar Baturiya da ke koyar da mu ta ce hoton ƙasa na gaske ba a sa mutum a ciki, ni kuwa na riƙe maganar nan kamar a wasiyya aka bar min. Mutanenmu kuma kun san su. Na taɓa nuna hoton wasu duwatsu a wajen wani suna a Mitchellville, wani Alhaji ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "Ikon Allah, kowa ya tashi ne kafin ka danna?"

Isuhu kuwa Badamagare ne, direban tasi a Gaithersburg, abokina na shekara ashirin. Shi yake kai Baba asibitin ido duk Litinin idan ina wurin aiki, kuma Mushe yake ce masa, yadda suke kiran malamin makaranta a Nijar. Da ya ji zan tafi, sai ya ce shi ma da shi.

"Bakano shi kaɗai ya je ƙarshen duniya ya dawo ya ba da labari? Walahi sai da shaida."

Mil ashirin da 'yan kai ne zuwa filin jirgin da ke kusa da Baltimore. Muka isa huɗu da kwata, Isuhu ya ajiye tasin a wurin ajiyar motocin matafiya. A wurin bincike, ƙafafu ukun da nake ɗora kyamara a kai ba su ba kowa mamaki ba. Butar shayin Isuhu ce aka tare. Jami'ar ta ɗaga ta, ta leƙa ciki, ta tambaye shi ko can inda za mu babu shayi. Ya ce akwai abin da suke kira shayi. Ta yi dariya ta miƙa masa.

Muka yi sallar asuba a wani lungu, jirgi ya tashi bakwai saura minti goma. Awa shida zuwa Seattle, muka mayar da agogo baya da awa uku. Daga can awa uku da rabi zuwa Anchorage, babban birnin kasuwancin Alaska, muka ƙara mayar da shi da awa ɗaya. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna na rana muka sauka. Isuhu ya ce wannan ce ranar farko da ya ga an yi wa yini ƙari kamar ana auna gero.

A Anchorage muka yi hayar kayan sanyi: riga mai hula da gashi a bakinta, wando mai kauri, safar hannu hawa biyu, da takalman da kowane ɗaya ya kai turmi. Da muka shiga masauki na buɗe jakar Hajiya. Dambun nama a sama, cincin a ƙarƙashinsa. Can ƙasa kuma, a ninke cikin leda, babbar rigata ce ta shadda mai duhun shuɗi, wadda na sa ranar auren ƙanwata, da jar dara. Ta maƙala 'yar takarda: "Ka daure ka tsaya a ciki ko sau ɗaya, mu san ka je."

Na ce, "Wallahi ba zan sa ba. Wannan ai cin mutuncin sana'a ne."

Isuhu na tauna dambu ya ce, "Wace sana'ar? Ta magani?"

Na cusa rigar a ƙasan jaka na zuge.

Laraba: Barrow

Jirgin safe muka shiga, ƙarfe shida da rabi. Rabinsa na gaba kaya ne, mu fasinjoji aka zuba mu a baya. Ya yada zango a wani sansanin ma'aikatan haƙar mai, rabin mutanen suka sauka, sannan ya ci gaba. Mil ɗari bakwai da ɗoriya ne daga Anchorage zuwa Barrow, garin da babu wani a arewa da shi a duk Amurka, kuma babu titin da ya haɗa shi da ko'ina. Goma saura muka sauka.

Da aka buɗe ƙofa na shaƙi iska, sai na ji gashin hancina ya sandare ɗaya bayan ɗaya, har ina iya ƙirga su. Allon filin jirgi ya nuna digiri ashirin da bakwai ƙasa da sifili, a ma'aunin da muka saba da shi a gida. Isuhu ya buɗe baki zai yi salati, haƙoransa suka ƙarasa masa.

Garin ƙarami ne, gidajen katako a kan dogayen ƙafafu, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da ƙasar da ke ƙarƙashi gida ya nutse. Motoci da yawa an jona su da wayar wuta a bakin ƙofa kamar ana cajin waya, don kada inji ya daskare. Direban tasin da ya ɗauke mu ɗan Asiya ne. Nan take Isuhu ya shiga yi masa tambayoyin 'yan sana'a, nawa ne zuwa can, nawa ne zuwa nan. Mutumin ya ce duk cikin gari kuɗi ɗaya ne, don garin bai kai a yi ciniki ba. Minti huɗu muka isa masauki. A kantin da ke kusa, galan ɗin madara ya kusa dala goma. Na mayar da shi cikin ladabi, na ba shi haƙuri.

Da yamma wanda zai yi mana jagora ya zo. Sunansa Roy, dattijo ne ɗan ƙabilar Inupiat, 'yan asalin wurin, gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. Ya duba kayanmu ɗaya-ɗaya, ya ba ni dokoki uku. Batir ya zauna a jikina, kusa da fata, sai lokacin ɗauka. Idan za mu shigo ɗaki daga waje, in ƙulle kyamara a cikin leda ta yi awa biyu kafin in buɗe, in ba haka ba raɓa za ta cika ta, in an sake fita ta daskare. Ta uku, inda ya taka nan za mu taka, kuma in ya ce a koma, a koma, domin akwai farin beyar a kan tekun, dabbar da ta fi bijimi nauyi kuma ba ta gaisuwa.

Na ce masa kada ya damu, ni na saba da sanyi, na taɓa share dusar ƙanƙara a ƙofar gidana har ta kai min wuya.

Isuhu ya ce masa da Turanci, "Gwiwa."

Roy ya gyaɗa kai. Na lura daga ranar duk abin da na faɗa sai ya kalli Isuhu.

Da za mu yi magariba na fito da na'urar duba alƙibla, ta nuna arewa, kusan sak, ta wajen tekun. Isuhu ya ce na'urar ta ji sanyi ne. Na zana masa ƙwallon duniya a bayan takardar Hajiya, yadda Baba yake yi a allo, na nuna masa cewa daga nan hanyar Makka mafi kusa ta kan ƙoƙon duniya take bi. Ya ce ya yarda, amma don ɗan Mushe ne ya faɗa.

Alhamis: kan teku

Ƙarfe tara da rabi Roy ya zo da babur ɗin ƙanƙara, irin mai silalo a gaba maimakon taya, yana jan wani dogon akwatin katako. A ciki muka zauna, ni da Isuhu da kaya, kamar buhunan albasa. Roy ya rataya bindiga a baya. Muka bi gefen gari muka yi arewa.

Bayan kamar mil biyar ya kashe inji. Shiru ya sauko, irin wanda ban taɓa ji ba, har bugun zuciyata nake ji a cikin hula. Isuhu ya miƙe ya duba gabas da yamma.

"To, ina tekun?"

Roy ya nuna ƙasa. "Minti ashirin ke nan kana kansa."

Isuhu ya koma cikin akwatin ya zauna, ya ɗage ƙafafunsa duka biyu. Roy ya ce kaurin ƙanƙarar a nan ya kai ƙirjin mutum, mota ma za ta bi. Isuhu ya ce ya ji, amma motar ta fara bi tukuna.

Ranar gajimare ya rufe sama ruf. Sama fari, ƙasa fari, ba inuwa, ba a ma gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Na kafa kyamara duk da haka. Ita kyamara idan ta ga fari da yawa takan ɗauka haske ya yi mata yawa, sai ta rage, ƙanƙara ta fito kamar toka. Na ƙara mata haske, ta fito kamar farar takarda. Na yi ta yi tsakanin toka da takarda har batir na farko ya mutu a minti arba'in, batir ɗin da a Maryland yakan kai ni yini biyu.

A nan ne na yi abin da har gobe Isuhu yake ba da labarinsa a wajen biki. Dab da fitowarmu na yi alwala don kada sallar azahar ta same mu a waje ba tsarki, na jiƙa gemu sosai ban tsane ba. Ga kuma tururin numfashi yana ƙara masa. Da na manna fuska a bayan kyamara ina leƙe, na jima, sai na zo ɗagowa na ji kyamara tana biyo ni. Gemuna ya kama ƙarfen ƙafafun ya daskare. Na tsaya a sunkuye kamar mai ruku'u, ina kiran Isuhu ta gefen baki.

"Bakano, me ya faru? Ka ga abin saye ne a ciki?"

"Zo ka cece ni, don girman Allah!"

Sai da ya gama dariya tsaf, sannan ya fito daga akwatin a karon farko, yana taka tekun kamar mai tafiya kan ƙwai, ya tsiyaya min ruwan shayi mai ɗumi daga fulas. Na kuɓuta. Na bar gashin da zai isa a yi tsintsiya. Roy bai yi dariya ba, amma na ga kafaɗunsa suna rawa.

Hotuna tamanin na ɗauka ranar. Da kyamara ta gama zaman ledarta na duba su, babu ko ɗaya da zan nuna wa mai lafiyar ido, balle Baba.

Juma'a: a ɗaki

Iska ta taso tun safe tana kwasar dusar ƙanƙara, gidan da ke tsallaken titi ma ba a gani. Roy ya bugo waya ya ce ba fita. Babu masallaci, muka yi azahar mu biyu. Matar da ke kula da masaukin ta kawo mana miyar kifi mai zafi da burodi, Isuhu ya rama mata da shayi hawa uku, ta sha na farko ta ce yau ba barci.

Na kira gida. Baba ya karɓa.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi, Baba. Na taka shi ma. Tudun ƙanƙarar da na hango daga nesa ya kai bene mai hawa goma."

"Ka ɗauko?"

"Saura ƙiris."

"To," ya ce, ya miƙa wa Hajiya wayar.

Ta fita daga ɗakin kafin ta yi magana. Ta ce yau da azahar ya tambaye ta wa ya kashe fitilar falo, alhali a kunne take, labule ma a buɗe. Na ajiye wayar. Jirginmu na Lahadi da safe ne. Asabar kaɗai ta rage.

Asabar: tudun ƙanƙara

Muka wayi gari iska ta kwanta, sama tas. Sanyin ya fi na kullum, Roy ya ce haka yake idan babu gajimare. Bakwai da kwata muka tashi, batir huɗu a jikina, biyu a aljihun ƙirji, biyu a hammata. Wannan karon mil tara muka yi, har inda ƙanƙarar da ke manne da gaɓa take karo da wadda teku yake turowa. Wurin karon ne take kakkaryewa ta hau kan juna ta yi tudu, dogo kamar ganuwa, ya miƙe iya ganin ido.

Rana ta fito wajen ƙarfe takwas, ta tsaya ƙasa-ƙasa ba ta yi sama ba. Kowane ɓallin ƙanƙara ya sami inuwarsa. Wasu fari, wasu shuɗi kamar an rina, bakinsu kuma ja-ja saboda hasken safiya. Ni da ba a raba ni da magana, na yi minti biyar ban ce uffan ba. Isuhu ya ce a rubuta ranar.

Na yi awa biyu ina ɗauka. In cire safar waje, in saita, in danna, in mayar da hannu cikin riga har ya dawo nawa. Ina riƙe numfashi duk lokacin da na kusanci gilashin don kada tururi ya daskare a kai. Gemu kuwa na naɗe shi da mayafi kamar mai ciwon haƙori. Batir uku suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki sama da ɗari biyu, kuma a ciki akwai wanda na san ban taɓa yin kamarsa ba: tudun ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ba sawun ƙafa, ba mutum, ba komai. Na kira Isuhu na nuna masa a ɗan allon bayan kyamara.

Ya duba ya ce, "Ya yi kyau. Na wa ne?"

"Kamar yaya na wa? Na Baba mana."

"Rufe idonka na dama."

Na rufe.

"Na hagun kuma ka kanne shi, ka bar ɗan kaɗan. Yawwa. Yanzu duba."

Na duba. Fari a sama, fari a ƙasa, wani ɗan hazo a tsakiya.

Ya ce, "Alhaji, ni nake kai Mushe likita duk Litinin. Ba ya ganin fuskata. Tasina yake ganewa don yana da duhu a kan farin siminti. Kai ma da hula yake gane ka. Ranar da aka yi dusar ƙanƙara a Beltsville ya tsaya a bakin ƙofa ya ce min an share duniya. Wannan abin naka, mu zai burge. Shi farar takarda za ka kai masa."

Na kashe allon kyamarar. Wata biyar mutumin nan yana gidana, ina ƙirga masa ɗigon maganin ido safe da yamma, amma ban taɓa tambayar yadda yake gani ba.

Na ce, "Rigar tana masauki."

Isuhu ya buɗe jakar fulas ɗinsa ya zaro leda. "Hajiya ta bugo min tun muna Anchorage. Ta ce ta san halinka."

Batir na ƙarshe na ciro daga hammata, ya nuna layi ɗaya. Na saita komai a kan ƙafafun, na nuna wa Isuhu inda zai danna, na roƙe shi kada ya taɓa wani abu. Roy ya je ya dudduba wurin da sandarsa, ya leƙa bayan tudun, ya dawo ya ce taku ɗari da hamsin, kada in ƙara ko ɗaya, kuma in bi sawunsa. Ya koma gefe da bindigarsa inda kyamara ba za ta kama shi ba.

Sa babbar riga a kan rigar sanyi aiki ne na mutum uku. Da aka gama na zama kamar rumbun da aka yi wa kwalliyar sallah. Shaddar ta sandare nan da nan, tana ƙara kamar kwanon rufi. Na cire hular gashi na kafa jar dara a kan 'yar hular ulu. Roy ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya a ƙauyenmu wane ne yake sa irin wannan. Isuhu ya ce masa manyan mutane. Roy ya kalle ni, ya sake kallon Isuhu.

Na taka ɗari da hamsin ina ƙirgawa. A gindin tudun na juyo, na gyara hannun riga a kafaɗa yadda ake yi, na tsaya. Kunnuwana suka yi zafi, sannan suka daina jin komai. Daga nesa na jiyo Isuhu yana ihu.

"Bakano, ka yi murmushi!"

"Danna, don Allah! Wa zai ga murmushi daga nan?"

Sau huɗu ya danna batir ya mutu. Ba halin dubawa. Muka ƙulle kyamara a leda muka juyo, ina ta addu'a a cikin akwatin katako har gari.

Sai bayan la'asar, da ta yi ɗumi aka yi caji, muka gani. Na farko ashe tun ina tafiya ya danna, bayana ne. Na biyu iska ta ɗaga rigar ta rufe min kai. Na uku safar hannun Isuhu ce ta cika rabin hoton. Na huɗu kuwa, ga tudun shuɗi da fari ya tokare, ga sararin teku ya tafi har ƙarshe, ga wani ɗan abu mai duhu a tsaye a gindinsa da ɗigon ja a ka.

Isuhu ya ce, "Shekara shida kana lakwal kana koyon hoto. Ni minti ɗaya."

Lahadi zuwa Talata: komawa gida

Sha ɗaya na safiyar Lahadi muka bar Barrow. Roy ya rako mu filin jirgi, na ba shi sauran dambun nama, ya ɗanɗana ya ce a gaida mai yin sa. Muka kwana a Anchorage, muka mayar da kayan haya. Litinin muka biyo ta Seattle, aka karɓe awa huɗun da aka ƙara mana, muka iso Beltsville kowa ya yi barci.

Talata da safe na je shagon wanke hoto na sa aka buga guda biyu, kowanne ya kai rabin ƙofa. Na kawo su bayan azahar, lokacin da hasken tagar falo ya fi ƙarfi. Isuhu ya ajiye aiki ya zo. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofar kicin.

Ban daddara ba, nawa na fara miƙa wa Baba, wanda ba kowa a ciki. Ya kawo fuskarsa dab da shi, ya bi shi daga dama zuwa hagu, ya jima.

"Garba, an buga hoton ne, ko takardar ka fara nuna min?"

Na janye shi ba tare da na kalli inda Isuhu yake ba. Na ɗora na biyun.

Ya sake kusantowa. Kansa yana tafiya a hankali, sai ya tsaya. Ya ɗora yatsa.

"Wannan baƙin fa, mai ja a sama?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ne? Duk faɗin nan naka da surutun, nan ka ƙare?"

Hajiya ta toshe baki. Baba bai kula ba. Ya auna tsayina da gaɓar yatsansa, kamar yadda yake auna nisa a taswira, sannan ya fara hawa da ita daga inda ƙafata take. Daga jikin duhun rigar ya kama gefen inuwar tudun, ya bi ta sama. Ɗaya. Biyu. Uku. Ya ƙara rabi, yatsan ya fita sarari.

"Uku da rabi. Kai da ka ce bene mai hawa goma."

"Daga nesa na hango, Baba."

"Tsayin mutum uku da rabi," ya sake faɗa, ba da ni yake ba. "Soro ke nan, har da ɗori. Kuma duk wannan da kake tsaye a kai ruwa ne?"

Isuhu ya ce, "Ruwa ne, Mushe. Ni shaida ne. Da ƙafata na taka."

Baba ya jingina da kujera, hannunsa na kan hoton. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ban yi wa 'ya'yan mutane ƙarya ba."

Ranar da zai koma, a cikin bututun kwali muka naɗe masa shi, ya ƙi yarda a sa a kaya, a hannu ya riƙe har Kano. Yanzu yana rataye a zaurensa. Kafin idon ya ƙarasa rufewa ya sa an kafa 'yar ƙusa a daidai jar darar. Ƙanena ya ce duk tsohon ɗalibin da ya zo gaisuwa, sai Baba ya lalubo ƙusar, ya kama yatsan mutum ya ɗora a kai, ya ce, "Wannan Garba ne. Fara aunawa daga nan."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, kunnuwa biyu cif, gemu ya tsiro. Ina gode wa Roy da ya san inda ake takawa, da Hajiya Bilki da ta san mijinta. Isuhu kuma na gode masa sau ɗaya a gaban shaidu, kuma ya isa, domin har yau duk inda aka taru sai ya ce shi ya ɗauki hoton, ni tsayawa kawai na yi. Abin haushin, a duk labarin nan wannan ne kaɗai wurin da ba ni da abin ƙarawa.